In Tarantula Ta Ƙi Ci

A Birtaniya da Jamus da Amurka, da wasu ƙasashen Asiya, akwai dubban mutane da ke kiwon gizo-gizo a ɗaki kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko zomo a bayan gida. Wanda suke kiwon shi ne babban nan mai gashi da ake kira tarantula, dangin da masana suka laƙaba wa suna Theraphosidae, mai nau'i fiye da 1,000 a warwatse a ƙasashe masu ɗumi. Sunan aro ne daga garin Taranto na kudancin Italiya, inda aka fara kiran wani gizo-gizo dabam da shi, kafin Turawan da suka tsallaka nahiyar Amurka su ɗora shi a kan waɗannan manyan. Ana ajiye ta a akwatin gilashi ko na roba, a zuba mata ƙasa, a jingina ɓawon itace inda za ta ɓuya, a ajiye ɗan kaskon ruwa. Kiwo ne marar wahala, ba kuka, ba wari, ba yankan ciyawa. Amma kukan da sabon shiga ya fi yi guda ɗaya ne: ta ƙi ci. An jefa mata gyare ta juya masa baya, bayan mako an sake jefawa ta ɗaga ƙafa ta ture shi, wata ya wuce, na biyu ya kama, hankalin mai ita ya tashi. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, ƙin ci a wurin tarantula yawanci alamar jiki ne da ke aikinsa daidai, kuma abin da ya fi halaka ta a irin wannan lokaci shi ne matakin da mai ita ke ɗauka cikin ruɗewa. Na ce yawanci, ban ce kullum ba, domin akwai ƙin cin da ciwo ne, kuma wanda bai iya rarrabe su ba bai gama koyon kiwon ba.

Tashin hankalin yana da tushe. Kusan duk dabbar da ɗan Adam ya saba kiwo mai ɗumin jini ce. Akuyar da ta kau da kai daga dusa kwana biyu, ko kazar da ta tsaya gefe ana watsa tsaba, lalle akwai abin da ke damunta, kuma mai ita ya yi daidai in ya nemi magani. Irin waɗannan dabbobi suna ƙona yawancin abin da suka ci ne don riƙe ɗumin jiki, shi ya sa ɓera ba ya jure 'yan kwanaki babu ci. Gizo-gizo ba ya biyan wannan haraji, zafin jikinsa na bin zafin wurin da yake. Ko a cikin halittu masu sanyin jini ma shi mai tsimi ne: John F. Anderson na Jami'ar Florida ya auna numfashin gizo-gizo iri-iri a 1970, ya ga abin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu kusan rabin na sauran masu sanyin jini ne da suke girma ɗaya. A 1974 ya hana wasu nau'i biyu abinci, nau'i ɗaya ya rayu kwana 208 a matsakaici, ɗayan 276, kuma dukansu sun rage abin da jikinsu ke ƙonawa da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Waɗannan ƙananan gizo-gizo ne, ba su kai tarantula girma ko tsawon rai ba. Gizon tatsuniyoyinmu makwaɗaici ne da cikinsa ke jefa shi a rami kullum, amma na daji yana cikin halittun da suka fi kowa iya zama da yunwa.

Yanayin rayuwarta ne ya gina ta haka. Tarantula ba ta yawon farauta. Tana zaune a bakin raminta da dare, ƙafafu a kan zaren da ta shimfiɗa, tana jiran motsin ƙwaro. Idanunta takwas ne amma ganinta kaɗan ne, da gashin jikinta take jin girgizar ƙasa da motsin iska. Wanda abincinsa ke zuwa masa da ƙafarsa dole ya iya jira, ya kuma iya ajiya. Ma'ajinta shi ne tulun cikinta, wato ɓangaren baya mai laushi, wanda ke kumbura in ta ƙoshi ya riƙa raguwa a hankali in abinci ya yanke. Grammostola rosea, wadda ta daɗe tana cikin waɗanda aka fi sayarwa a kantunan dabbobi na Turai da Amurka, 'yar busassun yankunan arewacin Chile ce da maƙwabtansu, inda ƙwari ke da lokacin yawa da lokacin ɓacewa. Masu kiwonta sun sha rubuta cewa ta yi wata shida, wani lokaci fiye da shekara, ba ta taɓa abinci ba, sannan wata rana ta cafke gyare kamar ba a yi komai ba. William J. Baerg na Jami'ar Arkansas, wanda ya kwashe shekaru yana bin tarantular yankinsu har ya fitar da littafinsa a kanta a 1958, ya nuna takan ɗauki kimanin shekara goma kafin ta balaga. Macen wasu nau'o'in tana haura shekara ashirin. Halittar da ke tafiya da irin wannan nawa, wata biyu babu ci ba wani dogon lokaci ba ne a wurinta. Wanda ya san yadda gaiwa ke shige wa taɓo ta kwashe rani cur babu ci har ruwa ya dawo, ba zai sha wahalar fahimta ba. Saboda haka tambayar da ta kamata mai kiwo ya fara yi ita ce yaya cikinta yake, kafin ya tambayi yaushe rabonta da ci. In tulun cikin ya kai ƙoƙon ƙirjinta girma ko ya ɗara, a cike, sumul, to tana da guzuri.

Babban dalilin ƙin ci, wanda ya fi sauran yawa da haɗari, shi ne saɓa. Ƙashin tarantula a waje yake, sulke ne da ba ya buɗewa, don haka ba ta girma sai ta tuɓe shi kamar yadda maciji ke yi, sai dai nata aikin ya fi na maciji nisa. Ba fatar waje kaɗai take cirewa ba. Rufin fiƙoƙinta, da shimfiɗar cikin maƙogwaro da ta tumbin da take tsotso da shi, da ta huhunta huɗu masu kama da shafukan littafi, duk suna fita tare da tsohuwar rigar. Kafin ranar, sabuwar fata tana tsirowa a ƙarƙashin tsohuwa, jiki yana narkar da ɓangaren ciki na tsohuwar yana mayar da shi. A wannan tsakani ne take daina ci: kwanaki kaɗan ga jaririya, makonni ga matashiya, watanni ga babba. Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Launinta yakan dushe, tafiyarta ta yi nauyi, cikin ya yi tsantsi yana ƙyalli. Nau'o'in nahiyar Amurka, masu gashin ƙaiƙayi da suke karkaɗo wa abokin gaba da ƙafafun baya, sukan yi sanƙo a bayan ciki, kuma sanƙon nan yana juyawa daga launin fata zuwa baƙi in saɓa ta matso, domin sabon gashi ne ake hangowa ta ƙarƙashi. Da yawa sukan toshe bakin rami da ƙasa da yana su yi zamansu a ciki. Wadda take a fili takan saƙa tabarmar zare, ta kwanta a kai rigingine, ƙafafu sama.

A nan ne ake yin asara mafi ciwo. Sabon mai kiwo ya tashi da safe ya ga tarantularsa, wadda dama ta yi wata biyu ba ta ci ba, kwance rigingine ba motsi, sai ya ɗauka ta mutu. Wani ya taɓa ta da tsinke, wani ya juya ta, wani ya zuba mata ruwa, wani ma ya zubar da ita da ranta. Alhali tarantula mai mutuwa ba kasafai take kwanciya rigingine ba, a kife take, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki kamar an dunƙule hannu. Mai rigingine aiki take yi: tana tura jini zuwa ƙirji har sulken ya tsage ta gefe, sannan ta zare ƙafafu takwas da hannuwan baki biyu daga tsoffin kubensu, a hankali, cikin sa'o'i. In aka firgita ta a tsakiyar wannan, ƙafa na iya maƙalewa, sabuwar fata ta bushe a karkace, ko ta yage jini ya tsiyaye. Gyaren da aka bari a akwatin "ko za ta ci da dare" shi ma maƙiyi ne a wannan rana, domin gyare mai cin komai ne, kuma tarantular da ta fito daga saɓa laushinta kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare, ba ta iya kare kanta. An sha samun gyare ya ci rami a jikin wadda aka kawo shi don ta ci. Dalilin ke nan da masu kiwo suka yi ittifaƙi cewa duk abincin da ya kwana ba a ci ba a fitar da shi. Bayan saɓar ma ba a gaggawa. Sababbin fiƙoƙi farare suke fitowa, su koma ja, sannan su yi baƙi, kuma sai sun yi baƙi suke da ƙarfin huda. Jaririya na bukatar kamar mako guda, babba mako biyu ko fiye. In ta kai cizo da fiƙa mai laushi ta lanƙwashe ko ta karye, ta shiga matsalar ci ta gaske wadda babu ita a da. Abin da take bukata a kwanakin nan ruwa ne, domin saɓa na zuƙe ruwan jiki.

Dalili na biyu ya shafi namiji kawai, kuma ba shi da magani. Saɓar da namiji ya balaga da ita, a galibin nau'o'i, ita ce ta ƙarshe. Yakan fito da dogayen ƙafafu da ƙaramin ciki, ƙarshen hannuwan bakinsa ya dunƙule kamar hannun ɗan dambe, kuma a nau'o'i da yawa da ƙugiya a ƙafafun gaba wadda yake tokare fiƙoƙin mace da ita lokacin barbara. Daga ranar hankalinsa ya bar abinci. A kudu maso gabashin jihar Colorado, kusa da garin La Junta, a watannin Satumba da Oktoba ana ganin mazan Aphonopelma hentzi suna ratsa tituna da filayen ciyawa neman ramukan mata, har garin ya mai da lokacin biki. Wanda ke cikin akwati haka zai yi ta zagaye yana hawan gilashi, ya ci yau ya ƙi na wata guda, yana ramewa, kwanakinsa daga 'yan watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu gwargwadon nau'i. Mai shi bai yi laifin komai ba. Abin da zai iya shi ne ruwa, da rage tsayin da zai faɗo daga kai, da miƙa shi ga mai mace in ana son iri.

Akwai kuma wadda ta ƙi ci don ta ƙoshi, kuma wannan ya fi yawa fiye da yadda masu kiwo ke son amsawa. Kallon tarantula tana cafkar abinci shi ne abin da ya fi burge mai ita, sai ya riƙa jefawa kullum. Sunan "mai cin tsuntsu" da ake yi wa wasu nau'o'in ya ƙara ruɗa mutane. Asalinsa zanen da Maria Sibylla Merian ta buga a 1705 bayan zamanta a Suriname, mai nuna tarantula a kan wani ɗan ƙaramin tsuntsu. Abin yana faruwa jefi-jefi, amma ko Theraphosa blondi, wadda ta fi kowace nauyi, mai faɗin ƙafafu kusan santimita 30, yawancin cimarta tsutsar ƙasa ce da ƙwari da kwaɗi. A akwati gyare da kyankyaso da fara da tsutsar da ake kiwo don wannan sun wadatar. Jaririya takan ci sau ɗaya ko biyu a mako, babba sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, masu jinkirin girma irin su Grammostola da Aphonopelma da Brachypelma ma ƙasa da haka. In aka ninka mata wannan, za ta cika ma'ajinta da wuri ta rufe baki har sai ta yi saɓa, ko da saɓar na da wata takwas a gaba. Ƙiba kuma ba ado ba ce gare ta. Fatar ciki siririya ce, tarantula mai ƙaton ciki in ta faɗo daga bangon akwati, ko daga hannun mai ita, cikin na iya fashewa, kuma da wuya a tsira daga wannan.

Sai dalilan da suke laifin wurin zama, kuma a nan maganar "ƙyale ta" ba ta isa ba. Sanyi na rage mata ci, galibin nau'o'in da ake kiwo sun fi sakewa tsakanin digiri 21 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa a Turai da yawa ke rage ci da hunturu ko da ɗakin da ɗan ɗumi. Wadda aka sauya wa akwati takan yi mako ɗaya ko biyu kafin ta shimfiɗa zarenta ta san wurin, kuma kafin nan ba ta farauta. Wadda ba ta da maɓoya, ko aka ajiye ta kusa da lasifika, ko ake yawan ɗauka a hannu, a tsorace take, mai tsoro kuwa kare kai yake yi, gyaren ma abokin gaba take ɗaukarsa. Abincin da ya fi tulun cikinta girma yakan kore ta. Jaririya a ƙaton akwati ba ta ma haɗuwa da abincin. Batun danshi shi ya fi rikitarwa domin kowane nau'i da nasa. Grammostola rosea ta tsani jiƙaƙƙiyar ƙasa, za ka gan ta manne da gilashi ta ƙi sauka, kuma ba za ta ci ba sai ƙasar ta bushe. Avicularia ta dazuzzukan Kudancin Amurka, mai zama a kan bishiya, an daɗe ana kashe 'ya'yanta da yawan fesa ruwa a akwatin da iska ba ta ratsawa, kuma ƙin ci ne alamar farko. Hysterocrates gigas kuwa, 'yar Kamaru da ake kaiwa kasuwannin Turai, ƙasa mai zurfi da laima take so ta haƙa rami, in aka busar mata da wuri kamar 'yar Chile an cuce ta. Heteroscodra maculata ta Togo da Gana a kogon itace take ɓuya, sai dare take fitowa, har mai ita ya yi zaton ba ta ci alhali ragowar abincin na can cikin saƙarta. Duk wanda tarantularsa ta ƙi ci, kafin ya ce lafiya lau, sai ya san sunan nau'inta da irin ƙasar da ta fito.

Mai suka zai ce, ai wannan koyarwa ta "bar ta, za ta ci in ta so" kyakkyawar mafaka ce ga malalaci, kuma dabbar da ba ta kuka tana iya mutuwa a hankali mai ita na cewa saɓa ce. Sukar tana da ƙarfi, kuma amsarta ita ce akwai abin da ba a ƙyalewa ko kwana ɗaya, wato ruwa. Tarantula na jure yunwar watanni, amma ƙishirwa na kayar da ita da wuri, kuma dalilin yana cikin ƙirar ƙafarta. Manyan gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa suna da tsokar naɗewa amma ba su da ta miƙewa, matsin jini ne ke miƙe su. In ruwan jiki ya ragu matsin ya faɗi, ƙafafu su fara naɗewa ƙarƙashinta, ba ta iya kama abinci, daga baya ko kaskon ruwan ba ta iya kaiwa. Galibin ruwan da take samu a cikin abinci yake, don haka wadda ta daina ci ta fi kowa bukatar kasko. Kasko marar zurfi, ruwa tsabtatacce, babu soso ko auduga a ciki, domin ba ta bukatarsu kuma matattarar ƙwayoyin cuta ne. Alamar haɗari a bayyane take: ciki ya motse ya yi tamoji kamar busasshen dabino, ya gaza ƙoƙon ƙirji girma, ƙafafu sun fara shigewa. Wadda ta kai nan ana kusantar da bakinta ga ruwa, a kula kada ruwan ya rufe huhun da ke ƙarƙashin ciki, kuma da yawa sukan farfaɗo cikin sa'o'i. Ƙyalewar da nake karewa ita ce a janye hannu a bar ido a buɗe, ana duba ciki da ƙafafu da baki da kasko kowace rana.

Bakin ma yana da labarinsa. Tarantula ba ta haɗiye abu mai ƙarfi. Tana huda abincin da fiƙa ta zuba dafi, ta amayo ruwan narkarwa a kai, ta murƙushe shi, ta tsotse romon ta cikin gashin da ke tace shi, ta bar ɗan dunƙulen ƙashi. Duk abin da ya taɓa bakin ya taɓa ci. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi da ke taruwa a bakinta, a ga farin abu mai danƙo kamar kindirmo, hannuwan baki su shanye, ta riƙa tafiya a kan yatsu, ta daina ci har ta mutu. Masana a Jami'ar California da ke Riverside sun bayyana wani nau'insu a 2022 suka sa masa suna Tarantobelus jeffdanielsi. Wadda aka ga haka a jikinta a ware ta daga sauran nan take, a nemi likitan dabbobi da ya san irin waɗannan halittu. Akwai toshewar dubura, inda kashi ke bushewa ya rufe hanya, ciki ya kumbura alhali ba ta ci. Akwai kuma wata fizge-fizge da masu kiwo suka sani, ƙafafu na harbawa barkatai ba ta iya saita kanta, wadda ake yawan dangantawa da guba. Gizo-gizo ɗan'uwan kaska ne, don haka maganin kaska da ƙuma da ake ɗiga wa kare ko kyanwa a wuya, irin mai sinadarin fipronil, yana iya isa gare ta ta hannun mai ita. Haka maganin sauro na fesawa ko na kunnawa, haka farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi. Waɗannan duka suna zuwa da alama bayan ƙin cin. Ƙin ci shi kaɗai, da cikakken ciki da tsabtataccen baki da tsayuwa daidai, ba ya cikin wannan sahu.

Suka ta biyu ta fi dabara: jure yunwa ba shi ne jin daɗi ba, don halitta ta iya rayuwa kwana 200 babu ci ba hujja ba ce a bar ta haka. Gaskiya ne, kuma da ana maganar hana ta abinci ne da na bi bayan mai sukar. Amma gwajin Anderson hanawa ce, abin da ke faruwa a akwatin mai kiwo kuwa ƙi ne. Ana miƙa mata duk mako ɗaya ko biyu, ita ke turewa, a ɗauke, a sake gwadawa. Zaɓin yana hannunta. Inda sukar ta fi kama ƙasa shi ne wajen jarirai. Wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba ma'ajinta kaɗan ne, fatarta ba ta gama yin kakin da ke riƙe ruwa ba, tana bushewa da sauri. Ba a yi mata lissafin watanni. In ta wuce mako biyu ko uku ba ci, ba alamar saɓa, a duba girman abin da ake ba ta da danshin wani gefe na ƙasar, a gwada ajiye mata yankakken gyare ko tsutsar da aka murƙushe wa kai a bakin rami da dare, domin jarirai na cin mushe. Akwai kuma masu cewa yawancin wannan ilimi daga bakin masu kiwo ya fito, ba daga ɗakin gwaji ba. Haka ne, littafin kiwon tarantula na Stanley da Marguerite Schultz da mujallar ƙungiyar British Tarantula Society sun fi dogara ga abin da aka gani a akwatuna. Sai dai abin da dubban mutane a ƙasashe dabam-dabam suka gani shekara da shekaru, kuma ya dace da abin da aka auna na numfashinta da ƙirar jikinta, ya cancanci a yi aiki da shi.

In aka jera matakan da ruɗewa ke sa a ɗauka, za a ga kowanne yana da farashi. Tone ramin da ta toshe yana iya faɗawa kan mai saɓa. Cusa mata gyare a baki da hantsaki yakan sa ta kai wa ƙarfen cizo ta karya fiƙa, kuma tarantula ba a yi mata ɗura, tunda sai ta amayo ruwan narkarwa da kanta. Fitilar ɗumi ko shimfiɗar zafi a ƙarƙashin akwati tana busar da ita, kuma da yake ɗabi'arta in ta ji zafi ta haƙa ƙasa, sai ta nufi wutar da ƙafarta. Sauya akwati don "ko wurin ne ba ta so" yana mayar da zaman sabo farko. Ko tsohuwar dabarar nan ta sa marar lafiya a ɗan gwangwani da jiƙaƙƙiyar takarda, masu kiwo da yawa sun ja baya da ita, musamman ga 'yan busassun ƙasashe, domin laima da rashin iska na ƙara musu wahala. Inda hannu ke da amfani na gaske shi ne wadda ta rasa fiƙoƙinta biyu a mummunar saɓa: ana murƙushe mata ƙwari su zama romo a ɗan murfi, ta tsotsa, har saɓa ta gaba ta mayar mata da sababbi.

Akwai wani ɓangare na matsalar da ke farawa tun kafin a kawo ta gida. Shekaru da yawa manyan Grammostola da Brachypelma da ake sayarwa daga daji ake tono su, har kwasar ta sa aka shigar da Brachypelma smithi ta Meziko cikin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin namun daji a 1985, sauran danginta suka biyo baya bayan kimanin shekara goma. Wadda aka kamo a daji ba a san shekarunta ba, ba a san rabonta da saɓa ba, tana iya zuwa da tsutsa a jiki, kuma 'yar Chile da aka kai Jamus an juya mata rani da hunturu, abin da Stanley Schultz ya ɗauka yana cikin dalilan dogon ƙin cinta. Wadda aka haifa a hannun mai kiwo tana zuwa da tarihi. Tarihin nan shi ne kayan aikin da ya fi hantsaki amfani: ɗan littafi da ake rubuta ranar da ta ci, da abin da ta ci, da ranar da ta ture, da ranar kowace saɓa. Bayan saɓa biyu ko uku mai ita zai ga tsarin da kansa, cewa wannan takan rufe baki kwana arba'in kafin ta tuɓe, waccan kuma takan daina ci duk Nuwamba ta dawo a Maris. Tsohuwar rigar da ta tuɓe ma ana jiƙa ta a buɗe cikinta tsakanin huhun gaba biyu, a ga ko akwai 'yar jakar ajiyar maniyyi, a san mace ce ko namiji tun kafin ranar da zai fara zagayen akwati ya bar gyare a gefe.